Taimar da na sa a rumbun shafukan memori tana kashe min kanel: ina ɓarakar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyon aikin kanel ta Linux. Na rubuta wani ɗan modul da ke tara shafukan memori a rumbu, na sa masa taima da ke mayar da shafukan da ba a yi amfani da su ba duk bayan daƙiƙa biyar. Idan memori ya yi ƙaranci har modul ɗin ya kasa loduwa, sai in ga gargaɗin `ODEBUG: assert_init not available`, a ƙarshen layin kuma an rubuta `timer_list hint: 0x0`. Sai na sa sharaɗi cewa kada a soke taimar sai idan `function` ɗinta ba fanko ba ne, gargaɗin kuwa ya ɓace. Amma har yanzu wani lokaci na'urar kan mutu jim kaɗan bayan na cire modul ɗin, da adireshi mai 6b6b6b6b. Gyaran da na yi daidai ne? Abu ɗaya ne ke jawo matsalolin biyu? Kuma nan gaba ina so in shigar da kod ɗin cikin kanel kanta don ya fara aiki tun lokacin tashi."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, tambayoyi uku ka haɗa: ko sharaɗin da ka ƙara ya warkar da ciwon ko ya rufe shi ne kawai, me ke kashe na'urar bayan cire modul, sannan me zai canza idan kod ɗin ya koma cikin kanel. Amsar ta farko a taƙaice: sharaɗin ya toshe bakin mai gargaɗi, bai taɓa tushen matsalar ba. Matsalolin biyu kuwa ba ɗaya ba ne, amma uwarsu ɗaya. Rayuwar taimarka ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da rayuwar ƙunshin bayanan da take ciki. An haife ta bayan shi, kuma tana ci gaba da motsi bayan an binne shi.

Abin da taima take a wurin kanel

`struct timer_list` ƙaramin abu ne. Akwai mahaɗin da ke saƙala ta cikin jeri, akwai lokacin da za ta tashi a ƙidayar `jiffies`, wato ƙidayar bugun agogon kanel, akwai manunin aikin da za a kira, sai `flags` wanda a cikinsa ake ajiye lambar furosesar da ke riƙe da ita. Abin da masu koyo suka fi mantawa shi ne kanel ba ta kwafar wannan ƙunshi ta ajiye nata. Idan ka kira `mod_timer`, ainihin memorin da ke cikin rumbunka ake saƙalawa a ɗaya daga cikin aljihunan jerin taimomin wannan furosesa, gefe da gefe da taimomin hanyar sadarwa, na faifai da na sauran direbobi. Daga wannan lokaci ɓangaren memorinka ya zama na tarayya. Duk abin da ka yi masa ba tare da ka cire shi daga jerin ba, maƙwabta ma zai shafa.

`timer_setup` kuma ba ya kunna komai. Cike gurabe kawai yake yi: ya rubuta aikin da za a kira, ya sa lambar furosesa, ya nuna cewa taimar ba ta cikin kowane jeri, sannan ya sanar da kayan binciken kurakurai cewa ga sabuwar taima. Ba ya neman memori, ba ya gazawa, ba ya cin lokaci. Ka riƙe wannan, domin a kansa gyaran ya dogara. Wannan hanya ta zo ne da aikin da Kees Cook ya jagoranta a 2017, kuma a siga ta 4.15 aka kawar da tsoffin `init_timer` da `setup_timer`. Idan littafin da kake koyo da shi har yanzu su yake nunawa, to ya tsufa.

Gargaɗin farko

Ban ga kod ɗinka ba, amma na sha duba irinsa, kuma kusan kullum ga yadda yake:

```
r = kzalloc(sizeof(*r), GFP_KERNEL);
if (!r)
        return -ENOMEM;
r->shafuka = kcalloc(adadi, sizeof(*r->shafuka), GFP_KERNEL);
if (!r->shafuka)
        goto rushe;
timer_setup(&r->taima, share_rumbu, 0);
...
rushe:
        del_timer_sync(&r->taima);
        kfree(r->shafuka);
        kfree(r);
```

Dubi inda `goto` ya yi tsalle. Ya tsallake `timer_setup` ya faɗa kan soke taimar da ba a taɓa shirya ta ba. Shi ya sa ba ka ganin gargaɗin sai memori ya yi ƙaranci, domin sai a lokacin ne ake bin wannan hanya. `hint: 0x0` ɗin nan shi ne shaidarka: a wurin ne ake buga sunan aikin da taimar za ta kira, sifili kuwa yana nufin ba a taɓa rubuta komai a gurbin ba tun da `kzalloc` ya share shi.

Mai yin gargaɗin shi ne tsarin debugobjects da Thomas Gleixner ya kawo a 2008. Yana riƙe da nasa rajista na kowace taima da halin da take ciki. Idan aka taɓa wadda ba ta cikin rajistar, sai ya yi ƙorafi, sannan ya shirya ta da kansa da wani aikin wucin gadi don kada na'urar ta faɗi. Wannan ne dalilin da ya sa ka ga gargaɗi kawai ba mutuwa ba. Ka kuma sani cewa gargaɗi biyar na farko kaɗai yake bugawa a kowane tashi, don haka shirun da ya biyo bayan na biyar ba lafiya ba ce. Idan da ka kunna lockdep, mai binciken makullan kanel, wataƙila da ka ga wani saƙon daban a wuri guda, `trying to register non-static key`, wanda a ƙasansa yake tambayarka ko ka manta shirya abin kafin amfani da shi.

To me ya sa na ƙi sharaɗinka, alhali ya yi aiki? Da farko, yana aiki ne don sa'ar `kzalloc`. Ranar da wani ya mayar da shi `kmalloc`, ko aka fara ɗauko ƙunshin daga `kmem_cache` ba tare da sharewa ba, gurbin zai ƙunshi shara, sharaɗin ya wuce, kanel ta ɗauki sharar da ke `flags` a matsayin lambar furosesa. Idan sharar ta dace da alamar da ke cewa taimar na kan ƙaura zuwa wata furosesa, `lock_timer_base` zai tsaya yana jiran ƙaurar da ba za ta taɓa ƙarewa ba, na'ura ta sandare ba tare da ta ce uffan ba. Na biyu, cikin `timer_list` ba hurumin modul ba ne, kuma ma'anar gurbin ta riga ta canza sau ɗaya. Tun daga siga ta 6.2, `function` fanko yana nufin an rufe taimar har abada. Kafin nan, kiran `mod_timer` a kan irin wannan taima yana tayar da `BUG_ON`, ka san da matsala nan take. Yanzu kuwa kiran yakan koma shiru bai yi komai ba. Wato a sabuwar kanel da ba a kunna kayan bincike ba, taimar da aka manta shiryawa ba ta kashe na'ura, ba ta dai tashi ne kawai. A modul irin naka, alamar da za ka gani ita ce rumbu yana ta kumbura, shafuka ba sa komawa, kai kuma kana can kana neman yoyon memori a inda babu shi. Wannan ya fi mutuwar wahalar kamawa nesa ba kusa ba.

Gyaran gaskiya layi ɗaya ne za ka ɗaga sama. `timer_setup` ya zo nan da nan bayan `kzalloc` ya yi nasara, tare da `spin_lock_init` da `INIT_LIST_HEAD` da duk wani shiri da ba ya iya gazawa, kafin `goto` na farko. Daga nan kowace hanyar rushewa tana iya soke taimar hankali kwance, ko an taɓa kunna ta ko ba a taɓa ba. Wasu sun fi son su jera alamomin `goto` daki-daki, kowace gazawa ta koma daidai matakinta. Hakan ma daidai ne, kuma shi ne salon kanel ga abubuwan da ke iya gazawa. Amma ga abin da shirya shi kyauta ne, ban ga amfanin ƙara wata alama da wani zai rikita bayan shekara biyu ba.

Masu kula da ɓangaren memori su ma nan suka ɓullo. Ga misalin taimar `laptop_mode_wb_timer` da aka sa cikin `backing_dev_info`, wadda aka yi don a tura shafukan da aka canza amma ba a adana ba zuwa faifai 'yan daƙiƙu bayan faifan ya gama wani aiki, don ya samu ya huta batir ya daɗe. Shekaru da dama ɓangaren faifai ne ke shirya ta kuma yake soke ta, alhali ƙunshin na ɓangaren memori ne. A siga ta 5.15 Christoph Hellwig ya mayar da shiryawar cikin `bdi_alloc`, sokewar kuma cikin `bdi_unregister`. Sakamakon haka har na'urorin da ba za su taɓa kunna taimar ba ana shirya musu ita, kuma hakan bai cutar da kowa ba. Ka buɗe `mm/page-writeback.c` ka ga `wb_domain_init` da `wb_domain_exit`: ɗaya na shirya `period_timer`, ɗaya na soke ta, kunnawar kuma tana can wani wuri daban, sai an fara rubutu zuwa faifai.

Akwai kishiyar wannan kuskure da ya kamata ka duba tun da kana wurin, wato shirya taima sau biyu. Yakan faru idan aka sa `timer_setup` cikin aikin "kunna", sannan aka ba mai amfani damar kunnawa da kashewa ta sysfs, wato fayilolin saiti da kanel ke buɗe wa masu amfani. Shiri na biyu yana goge alamar cewa taimar na cikin jeri alhali maƙwabtanta na nuna ta har yanzu. `timer_pending` sai ya ce ba ta jira, sokewa ta wuce ta bar ta a saƙale. Debugobjects na kiran wannan `init active`. Shiri sau ɗaya ne a rayuwar ƙunshi, kunnawa kuwa ko sau dubu.

Mutuwar bayan cire modul

Lambar 6b ba daga sama ta faɗo ba. Idan an kunna binciken SLUB, mai raba memori a cikin kanel, da 0x6b ake cike duk memorin da aka saki, domin duk wanda ya koma ya karanta shi ya ci karo da adireshin da ba ya wanzuwa. Ganin 6b6b6b6b a rahoton mutuwa, tare da sunaye irin su `run_timer_softirq` ko `call_timer_fn` a jerin kira, yana nufin kanel ta zo tayar da taima ta tarar an riga an saki memorinta. Kamar ka tashi daga ɗakin haya ne, mai gida ya zuba sabon ɗan haya, alhali ka bar wa wani sallahu ya zo ƙarfe biyar ya kwashe kayan da ke ɗakin. A na'urarka ta gwaji ɗakin fanko ne shi ya sa aka kama shi. A na'urar aiki, inda babu 0x6b, aikin share rumbunka zai iya sakin shafukan da yanzu na wani ne, ɓarnar kuma ta fito a wani ɓangare da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Za ka ce ai ka kira `del_timer_sync`. To ga hanyoyin da taima ke tsira daga gare shi, bisa yawan yadda nake cin karo da su.

Wadda ta fi yawa ita ce wani ya sake kunna ta bayan an soke. `del_timer_sync` yana cire taimar kuma yana jiran aikinta ya ƙare idan yana gudana a wata furosesa, har ma yana iya shawo kan taimar da ke sake kunna kanta daga cikin aikinta. Abin da ba ya iyawa shi ne hana wani na waje kiran `mod_timer` bayan ya dawo. A modul ɗinka ina zargin akwai hanyar mayar da shafi rumbu da ke cewa "idan taima ba ta jira, kunna ta". Idan lokacin rushewa ka soke taimar tukuna, sannan ka bi shafukan da ke hannun masu amfani kana mayar da su rumbu ta wannan hanyar, to da hannunka ka sake kunna ta, sai `kfree` ya biyo baya. Bayan daƙiƙa biyar na'ura ta mutu, wanda ya yi daidai da "jim kaɗan" ɗin da ka faɗa. Haka abin yake idan taimar na tura aiki ga workqueue, wato layin ayyukan da kanel ke gudanarwa daga baya, aikin kuma yana sake kunna taimar. Ka soke taima, aikin ya kunna ta. Ka soke aikin, taima ta sake tura shi. Ko ta ina ka fara akwai kafa.

Don wannan zagayen aka kawo `timer_shutdown_sync` a 6.2. Yana yin duk abin da sokewa ke yi, sannan ya mayar da `function` fanko yana riƙe da makullin jerin, ta yadda duk wani `mod_timer` da ya biyo baya zai tashi a banza. Ƙa'idar da nake bi: idan `kfree` ne zai biyo baya, `timer_shutdown_sync` nake kira, sannan `cancel_work_sync`, sannan sakin memori. Sokewa ta yau da kullum ta wurin da za a sake kunnawa ce. A siga ta 6.2 ɗin ce kuma aka sauya wa `del_timer_sync` suna zuwa `timer_delete_sync`, aka ci gaba da karɓar tsohon sunan har zuwa 6.15. Kada ka dogara da lambar siga kaɗai, ka buɗe `include/linux/timer.h` na kanel ɗin da kake ginawa a kai ka ga abin da ke ciki. Idan babu `timer_shutdown_sync`, sai ka yi da hannu: tuta mai cewa "ana rushewa", a ɗaga ta ƙarƙashin makullin rumbu, kowane wuri da ke kunna taima ya duba ta ƙarƙashin wannan makulli, sannan ka saki makullin ka soke taimar. Sakin makullin ba zaɓi ba ne. Idan ka kira sokewa mai jira kana riƙe da makullin da aikin taimar ke nema, kai kana jiransa shi yana jiranka, an kulle kenan.

Hanya ta biyu ita ce `del_timer` marar jira a wata hanyar fita da ka manta da ita. Shi cirewa kawai yake yi, ko da aikin na tsakiyar gudana a furosesa ta kusa. Ta uku kuwa tsarin jeri ne: ka rufe ƙofofin da mutane ke shigowa, sysfs da shrinker (aikin da kanel ke kira idan tana son a mayar mata da memori) da makamantansu, kafin ka rushe abin da ke bayansu. A wajen lodawa kuma akasin haka, kada ka yi rajistar komai sai taima da makulli sun shirya, domin da zarar ka yi rajista wata furosesa na iya shigowa kafin layinka na gaba.

Bari in ɗan kauce in faɗi ra'ayina a kan tsarin kansa. Aikin taima yana gudana ne a softirq, wani yanayi na katse abin da furosesa ke yi, inda ba a barci. Ba `mutex`, ba `GFP_KERNEL`, kuma makullin da kuke rabawa da shi sai ka ɗauke shi da `spin_lock_bh` daga ɗaya ɓangaren. Sakin shafuka da yawa a irin wannan wuri yana riƙe furosesa fiye da kima. Ni da zan rubuta modul ɗinka, `delayed_work` zan yi amfani da shi, kamar yadda vmstat da KFENCE, wasu sassan memori na kanel, suke yi. A cikinsa ma taima ce, don haka duk abin da na faɗa yana nan: `INIT_DELAYED_WORK` da wuri, `cancel_delayed_work_sync` kafin saki. Kuma ka tambayi kanka ko agogo ne ya kamata ya yanke lokacin mayar da shafuka. Shrinker yana mayar da su ne daidai lokacin da kanel ke buƙata, wanda shi ne abin da kake nema tun farko.

Idan kod ɗin ya shiga cikin kanel

A `start_kernel` memori ne ke riga taima tashi. `mm_core_init`, wanda tsoffin sigogi ke kira `mm_init`, yana gudana kafin a shirya jerin taimomin furosesoshi, kuma kafin a buɗe katsewa (interrupt). Saboda haka a wannan mataki kana iya neman memori, amma kunna taima taɓa jerin da ba a shirya ba ne. Workqueue ma hawa biyu ne: `workqueue_init_early` na ba da damar jera aiki, amma ba abin da zai gudana sai bayan `workqueue_init`. Shi ya sa vmstat ba ya fara zagayensa sai a `init_mm_internals`, wanda ke zuwa bayan wannan. Kai dai idan ka bar `module_init` yadda yake, a ginin cikin kanel zai zama initcall, wato aikin da kanel ke kira lokacin tashi, na matakin direbobi, lokacin da komai ya riga ya tashi, ba ka da damuwa. Sai idan dole rumbun ya wanzu tun da wuri ne za ka raba aikin biyu, ka gina rumbu ka shirya taima da wuri, kunnawa ta jira initcall. Idan rumbun guda ɗaya ne tak a duk tsarin, `DEFINE_TIMER` ya raba ka da batun shiri gaba ɗaya.

Wani ƙaramin tarko a nan: `mod_timer` cikakken lokaci yake karɓa, wato `jiffies + 5 * HZ`, ba `5 * HZ` kaɗai ba. Kuma da gangan ake fara `jiffies` daga lambar da ƙananan bit 32 ɗinta za su kewayo sifili minti biyar bayan tashi, don a tona asirin masu kwatanta lokaci da alamar "ya fi" maimakon `time_after`.

Yadda za ka tabbatar ka gyara

Ɓacewar gargaɗi ba hujja ba ce, ka riga ka gani da idonka. Gina kanel ta gwaji da `CONFIG_DEBUG_OBJECTS_TIMERS`, `CONFIG_DEBUG_OBJECTS_WORK` da `CONFIG_DEBUG_OBJECTS_FREE`. Na ƙarshen nan ina zargin ba ka kunna shi ba, domin da yana nan da ya kama ka a kan `kfree` ɗin kansa da saƙon `free active`, tare da jerin kiran da ke nuna layin da ya yi laifi, maimakon mutuwar da ke zuwa bayan daƙiƙa biyar ba tare da sunanka a ciki ba. Ƙara KASAN, wanda zai gaya maka inda aka nemi memorin da inda aka sake shi, da `CONFIG_PROVE_LOCKING` da `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP`. Yi duk wannan a QEMU, manhajar kwaikwayon na'ura, da furosesa fiye da ɗaya, domin tseren da muke magana a kai da wuya ya bayyana a furosesa guda.

Sannan ka tilasta wa hanyoyin gazawa su gudana, kada ka zauna jiran memori ya ƙare. `CONFIG_FAILSLAB` da fayil ɗin `fail-nth` da ke ƙarƙashin `/proc` suna ba ka damar cewa nema na farko ya gaza, sai na biyu, sai na uku, har ka bi kowane `goto`. Don matsalar cirewa kuwa, abin da nake yi shi ne in rage tazarar taimar zuwa jiffy ɗaya, in sa wani shiri yana ta karɓa da mayar da shafuka, in kuma sa madauki yana lodawa yana cirewa. Abin da ke ɗaukar kwanaki kafin ya faru yakan fito cikin mintuna. Idan kana son gani ƙuru-ƙuru, kunna `timer_init`, `timer_start` da `timer_cancel` a ftrace, mai bin sawun abin da kanel ke yi, ka tace da adireshin taimarka. Duk `timer_start` da ya zo bayan `timer_cancel` na ƙarshe, shi ne mai laifin, kuma za ka iya sa ftrace ya buga jerin kiran da ya kai gare shi.

Kayan nan duka hanyar da aka bi kaɗai suke gani, don haka ba sa maye gurbin zama ka karanta kowane wuri da sunan taimar ya fito, kana tambayar wa zai iya isowa nan kuma a wane lokaci. Bayanina kuma a kan `timer_list` da `delayed_work` ya tsaya. `hrtimer` na da nasa dokokin, haka ma taimar da aka ajiye a kan stak, wadda ke buƙatar `timer_setup_on_stack`. Idan ka ɗaga `timer_setup` sama, ka koma `timer_shutdown_sync`, amma mutuwar ba ta daina ba, turo min aikin rushewar gaba ɗaya da cikakken rahoton bayan ka wuce da shi ta `scripts/decode_stacktrace.sh`, tare da sigar kanel ɗin da fayil ɗin `.config`.